Yadda ake karanta tsohon zane: zama da "Dawowar Ɓataccen Ɗa" na Rembrandt

A gidan tarihi na Hermitage da ke birnin Saint Petersburg a ƙasar Rasha akwai wani zane mai tsayin santimita 262 da faɗin 205. Ya fi ƙofar ɗaki tsayi, mutanen da ke cikinsa kuma sun kai girman mutum na gaske. Rembrandt, mutumin Holan, shi ya zana shi da fentin mai a ƙarshen rayuwarsa, wajejen 1668, ya kuwa rasu a 1669. An kai shi Rasha a 1766, zamanin Sarauniya Katarina ta Biyu. Yawancinmu dai a fuskar waya za mu gan shi, ya tsuke ya koma kamar katin shaida, mu dube shi na ɗan lokaci mu ce "wani tsoho ne ya dafa yaro," mu wuce. Ni ma haka na yi da farko.

Na zaɓi wannan zanen ne don koyon karatun zane saboda babu hayaniya a cikinsa, kowane abu da aka saka yana da aiki. Akwai kuma wani sauƙi ga mai karatun da ba ya son kallon surar annabawa: babu annabi ko mala'ika a ciki. Misali ne da Yesu Almasihu ya bayar game da wani uba da 'ya'yansa biyu, mutanen cikin misalin ne aka zana.

Kafin ka fara, nemi hoton mai kyau, wanda za ka iya buɗa shi sosai bai dushe ba. Akwai shi a shafin intanet na Wikimedia Commons. Ka guji waɗanda aka ƙara wa launi ko aka yanke gefensu don su shiga kalanda, domin gefen da ake yankewa, kamar yadda za ka gani, shi ne rabin labarin. Zanen yana da duhu ƙwarai, saboda haka ka ƙara hasken wayar ka zauna a inuwa. In akwai kwamfuta ta fi. Ka ajiye takarda da biro kusa.

Mataki na farko: ƙirga kafin ka fassara

Minti biyar na farko ka hana kanka cewa "wannan yana nufin kaza." Rubuta abin da ido ya gani kawai, kamar mai lissafin kayan lefe. Mutum nawa ne? Da yawa za su ce uku, wasu huɗu. Shida ne. Ga tsoho mai farin gemu da jan mayafi a kafaɗa, ga saurayi a durƙushe ya ba mu baya, ga dogo a tsaye can dama riƙe da sanda, ga wani a zaune da baƙar hula da gashin baki, ga wata fuska a baya cikin duhu, sannan can sama ta hagu akwai wata da sai ka ƙura ido sosai za ka hango ta.

Ci gaba da lissafi: kan saurayin an aske shi, rigarsa ta yage, ƙafarsa ɗaya babu takalmi, akwai gajeriyar wuƙa a ƙugunsa. Tsohon da saurayin ba a tsakiya suke ba, an tura su hagu. Tsakiyar zanen duhu ne. Wannan lissafin shi zai riƙe ka daga baya, lokacin da fassarori masu daɗin ji suka fara zuwa maka.

Mataki na biyu: karanta labarin, sannan ka nemi abin da aka cire

Mutanen zamanin Rembrandt sun san labarin nan kamar yadda muka san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ba sa bukatar a faɗa musu waye wane. Mu kuwa sai mun koma ga nassin. Yana cikin Linjilar Luka, sura 15, aya 11 zuwa 32, bai fi karatun minti uku ba.

Ƙaramin ɗa ya ce wa mahaifinsa ya ba shi rabonsa na gado tun uban yana raye. Ya karɓa, ya tafi ƙasa mai nisa, ya cinye dukiyar a sharholiya. Yunwa ta faɗa wa ƙasar, ya koma kiwon aladu, abin da Bayahude yake ƙyama, har yana kwaɗayin abincin da aladun ke ci. Da ya ga uwar bari sai ya tuna barorin gidan ubansa ma suna ci suna ƙoshi. Ya shirya maganar da zai yi: ya yi zunubi, bai cancanci a kira shi ɗa ba, a ɗauke shi kamar ɗan ƙodago. Tun yana nesa uban ya hango shi, ya ruga a guje, ya rungume shi. Ya sa a kawo riga mafi kyau da zobe da takalma, a yanka ɗan maraƙin da aka kiwata. Babban ɗa yana gona. Da ya dawo ya ji kiɗa da rawa, ya fusata ya ƙi shiga, yana cewa shekara da shekaru yana bauta ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Uban ya fito yana lallashinsa. A nan labarin ya tsaya, ba a faɗi ko ya shiga ba.

Yanzu koma ga zanen da tambaya ɗaya: a cikin duk wannan, wane lokaci mai zanen ya tsayar? Mai zane ba shi da damar ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, ƙiftawar ido guda yake da ita, don haka zaɓinsa shi ne ra'ayinsa. Rembrandt bai zana gudun uban ba. Babu maraƙi, babu makaɗa, babu bawa ɗauke da riga, babu zobe. Ba wanda ya buɗe baki. Ya zaɓi ɗan tsakanin nan da nassin bai tsaya a kansa ba: an gama gudu, ba a fara biki ba. Duk yanayin zanen daga wannan zaɓin ya fito. In ka koyi tambayar "me ya cire?" ka samu rabin ilimin.

Mataki na uku: bi haske

Kanne idonka har surorin su dushe, ka ga inda fari ya rage. Za ka ga goshin tsohon, hannayensa biyu, bayan saurayin, tafin ƙafarsa, sai kuma fuskar dogon nan na dama ita kaɗai can gefe. Sauran duk sun nutse.

Rembrandt ya shahara da wannan salo na fitar da abu daga duhu da haske, wanda masana ke kira da sunansa na Italiyanci, kiyaroskuro. A hannunsa haske hannunka-mai-sanda ne, yana gaya maka inda za ka fara duba da inda za ka bi. A nan yana gangarowa daga goshin uba zuwa hannaye, daga hannaye zuwa bayan ɗa, har ƙasa ga ƙafa. Babu fitila ko taga da za ka ce daga nan yake fitowa. Kuma hasken ba mai kaifi ba ne irin na tsakar rana, ya fi kama da na aci-bal-bal, ja-ja, mai ɗumi. Shi ya sa duhun bai zama abin tsoro ba. Gwada a ranka a ce hasken fari fat ne daga sama: da zanen ya koma kamar ɗakin shari'a.

Mataki na huɗu: ƙafa, kai, wuƙa, hannu

A nan za ka daɗe. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma Rembrandt ya hana mu fuskar ɗan. Gefenta kawai muke gani, ya kifa ta a jikin mahaifinsa. Dole mu tambayi sauran jikin.

Buɗa hoton a kan ƙafafun. Ta hagu tsirara ce, takalmin ya zame yana yashe a gefe, tafin ya sha hanya. Ta dama tana cikin nata takalmin, amma ya cinye ta wajen dunduniya, fata na waje. Wanda ya tsaya gaban ainihin zanen, waɗannan ƙafafun ne suka fi kusa da idonsa, tun da suna can ƙasa kuma zanen dogo ne. Tafiyar ƙasa mai nisa, yunwa, aladu, duk abin da ba a zana ba, an tara shi a tafin ƙafa guda.

A nan akwai tarkon da idon Bahaushe zai iya faɗawa. Mu in yaro ya zo gaban mahaifinsa ko malaminsa yakan tuɓe takalmi ya durƙusa, don haka da ganin farko za ka ce ladabi ne ya sa ya cire. Fassara ce mai daɗi, amma duba da kyau: ɗaya ya fita, ɗaya yana ƙafa. Mai ladabi biyun yake tuɓewa. Wannan takalmi ne da ya gaji ya faɗi da kansa. Nassin ma yana goyon bayan haka, domin cikin abubuwan da uban ya ce a kawo har da takalma, alamar cewa wanda ya dawo ɗa ne a gidan. Durƙuson kuwa, a nan idonmu bai yaudare mu ba, tuba ne da ƙasƙantar da kai a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu.

Kan da aka aske ƙwal shi ma yana magana. A Holan ta wancan ƙarni samari masu hali dogon gashi suke bari, askakken kai kuwa yana tuna wa mutum ɗan kurkuku ko mai jinya. Wasu kuma suna ganin ya yi kama da kan jariri da aka kwantar a ƙirji, suna haɗa shi da maganar uban cewa ɗansa ya mutu ya sake rayuwa. Wannan ta biyun ba zan rantse a kanta ba, amma tana da madogara a nassi, don haka ba a kore ta.

Wuƙar ƙugunsa ita ce abin da ya fi ba ni mamaki. Mutum ya sayar da komai, rigarsa ta zama tsumma, yunwa ta kai shi ga abincin aladu, amma bai rabu da wuƙar ba. Fassarar da aka fi yi ita ce, ita ce ragowar shaidar cewa shi ɗan gidan mutunci ne, tun da makami a ƙugu ado ne na masu matsayi a lokacin. Ana iya cewa kuma matafiyi ne kawai mai kare kansa a hanya. Riƙe duka biyun, za mu dawo kanta.

Sai hannayen uba. Saka su gefe da gefe a idonka. Na hagunsa, wanda ke kan kafaɗar ɗan, ya fi faɗi, yatsun a buɗe, ya riƙe da ƙarfi. Na dama yana kwance a tsakiyar baya, ya fi siriri, yatsun a haɗe, kamar mai shafawa. Masu kallo da yawa sun ce ɗaya hannun uba ne ɗaya na uwa, wato riƙo da lallashi a jiki guda. Ba mu da wata takarda da Rembrandt ya bari yana cewa haka ya nufa, amma bambancin yana nan a fenti, kowa zai iya gani. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne yadda hannayen suka sauka. Ba su damƙe ba, ba su ja shi sama ba, ba su ture ba. An ɗora su ne kamar yadda tsoho ke ɗora hannu in zai sa albarka. Idanun tsohon kuma kusan a rufe suke, ba ɗan yake kallo ba, kamar wanda ganinsa ya yi rauni yake gane nasa da taɓawa. Karin maganar nan tamu, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ban san inda ta zauna daram kamar a nan ba.

Mataki na biyar: launi

Wannan ba ya bukatar dogon zance. Launukan kaɗan ne: ja, ruwan ƙasa, ruwan zinariya, baƙi. Babu shuɗin sama, babu koren ciyawa da zai ja ido waje. Abin lura shi ne wa ya sa ja. Mutum biyu ne, uba da dogon nan na dama. Ɗan da ya dawo launin ƙasar da ya durƙusa a kai ne a jikinsa. Kada ka yi saurin buɗe littafin "ma'anar launuka" ka ce ja jini ne ko soyayya ko sarauta. Ka fara da aikin da jan yake yi a cikin wannan zanen: ya ɗaure mutum biyu da ke nesa da juna.

Mataki na shida: 'yan kallo da duhun tsakiya

Waye dogon? A nassi babban ɗa yana gona lokacin da ƙanensa ya iso, saboda haka wasu masana ba su yarda shi ne ba. Amma yawancin masu nazari sun ɗauke shi a matsayin yayan, ni ma ina tare da su. Gemunsa irin na tsohon, mayafinsa ja irin na tsohon, hasken da ya taɓa goshin uba ya taɓa fuskarsa. Masu zanen da can sukan haɗa lokuta biyu na labari a wuri guda, ba baƙon abu ba ne.

Kwatanta shi da uban gaɓa da gaɓa. Uba ya sunkuya, shi ya miƙe kamar sandar da ke hannunsa. Hannayen uba a buɗe suke a kan mutum, nasa a harɗe suke a kan juna. Mayafin uba ya buɗe kamar rumfa, nasa ya zubo a tsuke. Fuskar kuwa, dube ta sosai kafin ka yanke mata hukunci. Ba ta murtuke ba, ba ta kuma sake ba. Mutum ne da bai gama shawara da zuciyarsa ba, daidai da yadda nassin ya bar shi a bakin ƙofa. Wanda ya taɓa zama shi ne ɗan da ya tsaya a gida yana noma yana jinyar iyaye, wani kuma ya dawo daga yawon duniya aka yi masa yanka, ba ya bukatar a fassara masa wannan tsayuwar.

Tsakaninsa da uban ga duhun nan da muka lissafa tun farko. A yawancin zanuka abin da ya fi muhimmanci a tsakiya ake sa shi. Rembrandt ya bar tsakiyar kusan wayam, sai na zaune da fuskar da ke leƙe daga baya. Taku biyu ko uku ne tsakanin yayan da ƙanensa, amma idonka sai ya tsallaka duhu kafin ya kai. Wanda ya yanke hoton ya bar uba da ɗa kawai ya samu zanen rahama mai sanyaya rai, ya kuma zubar da tambayar da ke cikinsa.

Sauran ukun ba a san tabbacin ko su waye ba. Kada ka matsa sai ka raɗa musu suna. Aikinsu kallo ne cikin shiru, irin wanda kai ma kake yi.

Mataki na bakwai: ajiye shi kusa da wani

Yanayin zane ya fi fitowa in ka ga yadda wani ya zana labari guda. Nemi na Murillo, mutumin Sifaniya, wanda ya zana wannan dawowar tsakanin 1667 da 1670, kusan lokaci ɗaya da Rembrandt. Yanzu yana gidan zane na ƙasa a birnin Washington. Can komai yana nan: bawa ɗauke da tufafi a faranti, wani riƙe da zobe, yaro yana jan maraƙi, mai gatari a kafaɗa, har da ɗan farin kwikwiyo yana tsalle a jikin ɗan. An yi shi ne don cocin wata ƙungiyar taimakon gajiyayyu a birnin Seville, yana koyar da tufatar da marar tufafi, don haka dole rigar ta fito fili. Amsterdam ta Rembrandt kuwa birnin 'yan Furotesta ne da ba sa rataye zane a majami'unsu. Wanda aka yi wa aiki da inda za a rataye shi suna canja abin da mai zane zai nuna.

Sannan ka kwatanta Rembrandt da kansa. A 1636, yana da shekara 30, ya sassaƙa wannan labarin a farantin tagulla don bugawa a takarda. Can akwai motsi ko'ina: uba ya taka da sauri ya sunkuya, ɗan ya rame ƙashi da fata fuskarsa a fili, barori na saukowa da kaya, wata na leƙowa ta taga. Kafin wannan da kaɗan, wajejen 1635, ya zana kansa a matsayin ɓataccen ɗan a gidan giya, matarsa Saskia a cinyarsa, ya ɗaga dogon kofi yana dariya, ga ɗawisu a kan tebur alamar fankama, ga allon da ake rubuta bashin abin sha a bango. Wannan yana birnin Dresden a Jamus. Duba ƙugunsa a can: takobi ne a rataye. Yanzu koma ga gajeriyar wuƙar mai durƙuso. Ni dai tun da na ga wannan na fi karkata ga fassarar farko.

Mataki na takwas: rayuwar mai zanen, amma a ƙarshe

Na ajiye wannan baya da gangan, domin wanda ya fara da shi ba ya ƙara ganin zanen, tarihin kawai yake gani. An haifi Rembrandt a Leiden a 1606. Ya yi suna da kuɗi a Amsterdam, ya sayi babban gida, ya tara kayan ƙawa. 'Ya'yansa uku da Saskia sun rasu suna jarirai, ita ma ta rasu a 1642. Bashi ya karya shi a 1656, aka yi gwanjon kayansa, gidan ma ya fita daga hannunsa. Hendrickje, wadda ta zauna da shi bayan Saskia, ta rasu a 1663. Ɗansa Titus ya rasu a 1668 yana da shekara 26. Shi kuma ya bi su a watan Oktoba na 1669, aka binne shi a cocin Westerkerk a kabarin da ba a sa wa suna ba.

Da jin haka zuciya za ta ce tsoho ne da ya binne ɗansa yake zana uban da nasa ɗan ya dawo. Mai yiwuwa ne. Sai dai shekarar da ake ba zanen ƙiyasi ce, ƙila ya fara shi Titus na da rai. Abin da tarihin ya ba ka tabbas shi ne mutum guda ya zauna da labari guda fiye da shekara talatin, ya fara da zana kansa a matsayin mai sharholiya, ya ƙare da cire duk wani motsi.

Duk fassarar da ta zo maka, a wannan zanen ko wani, yi mata tambaya uku. Zan iya nuna ta da yatsa a jikin zanen? Nassin labarin ya ba ta wurin zama? Mutanen wancan zamani da wancan gari za su gane ta? Takalmin da ya gaji ya faɗi da kansa ya ci duka ukun. Hannun uwa da na uba ya ci ta farko, ya taɓa ta biyu. Tuɓe takalmi don ladabi ya faɗi tun a ta farko.

Daga nan sai ka koma ga takardarka, ƙarƙashin lissafin da ka yi a minti biyar na farko, ka rubuta yanayin zanen da kalma uku, kowace ka ja kibiya zuwa abin da ya haifar da ita. Kada ka yarda da "baƙin ciki" ko "farin ciki," sun yi faɗi da yawa. Nawa su ne gajiya, da kibiya zuwa tafin ƙafar hagu. Sauƙi, zuwa hannun dama na tsohon. Sai jira, zuwa sandar da ke hannun yayan. Rufe hoton, ka bar shi kwana biyu, ka sake buɗewa, wannan karon ka fara kallo daga gefen dama.